Baƙuwa a Gidan Mohanam

Issoufou na rerawa, ya sauko da muryarsa a hankali, dutsen guga na tafiya a kan hannun wata farar jallabiya, har ya iso wurin nan da ya saba yin tuntuɓe, ya wuce sumul bai taɓa komai ba. Ya dire dutsen, ya juya dama da sauri, baki buɗe, zai ce, “To, ka ji?” Ba kowa a wurin. Teburin Miran na nan yadda ya bar shi, an naɗe wa dutsen gugarsa waya an jingine shi da bango, tsohon tawul ɗinsa na rataye a ƙusa. Injin wanki ne kawai ke gurnani a can ciki.

Abin haushin ke nan. Shekara goma sha wani abu mutum na bin ka da gyara, kana kuskure yana dukan tebur, sai lokacin da ka iya abin ya zamana yana kwance a asibiti bai san inda kansa yake ba. Issoufou ya ja tsaki, ya ɗauki dutsen ya ci gaba da aiki, amma bai sake buɗe baki ba.

Shagon wanki da gugar yana wani lungu a unguwar Zahir, tsakanin mai gasa burodin tamis da mai gyaran waya. Na Bandar ne, haifaffen Makka, wanda kakansa ya tako daga Kano ya zo Hajji ya zauna. Issoufou kuwa mutumin Damagaram ne. Shi ma Hajjin ne ya kawo shi tun gemunsa na baƙi, jirgi ya koma da abokan tafiyarsa, shi ya maƙale. Igama, wato takardar zama, bai taɓa riƙe ta ba, ya ma daina sa rai. Matarsa Mairama ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba. Maƙwabtansa na unguwar Tandabawi da ake zaman hira da su bayan Magariba, rusau ya watsa yawancinsu, kowa ya kama gabansa. Abin da ya rage masa bai wuce ɗaki ɗaya ba, da sallah a Harami, da wannan teburin. Sai kuma Miran.

Miran Ba'indiye ne, Musulmi, daga can kudancin ƙasarsu. Gajere ne baƙi, ga saurin fushi ga saurin hucewa. Ba ya jin Hausa, Issoufou ba ya jin Tamil, Larabcin da ke tsakaninsu kuwa irin na 'yan aiki ne, wanda in malamin nahawu ya ji sai ya riƙe kai. Da shi suka yi ta lallaɓawa, kuma ya ishe su faɗa da shiri.

Abin ya faro ne wata safiya, farkon zuwan Miran. Yana guga yana wani ɗan gunguni ta hanci, ƙasa-ƙasa, a zatonsa ƙarar tururi ta rufe shi. Issoufou ya kasa kunne, sai tsikar jikinsa ta tashi. Wannan ai muryar Iya ce! Haka mahaifiyarsa ke rerawa in ta durƙusa gaban dutsen niƙa a ƙauyensu, ba kalma, sai murya kawai tana hawa tana sauka tare da hannunta. Bai san lokacin da ya kama ba. Miran ya waigo ya zaro ido, amma bai tsaya ba, suka hau tare kamar sun shekara suna yi. A wajen saukowa ne aka samu matsala. Muryar Issoufou ta zame ta taka wani wuri, sai ji ya yi tim! Miran ya doki tebur da tafin hannu.

“La, la, la!” Ya ware yatsu biyar a gaban hancin Issoufou. “Haza Mohanam. Khamsa nafar bas. Sitta mafi!” Wato mutum biyar ne kawai, babu na shida.

Sai da aka kwashe watanni, da nuni da yatsa da zane a kan takardar naɗe kaya, kafin Issoufou ya gane inda aka dosa. Uban Miran da kakansa mabusa ne, suna busa wata doguwar baƙar algaita da ake kira nadaswaram, ana ɗaukarsu biki gari-gari. Shi ma ya busa, har ciwon ƙirji ya raba shi da ita ya turo shi guga. A kiɗan ƙasarsu akwai abin da suke ce wa raga, ba irin ta kamun kifi ba. Raga ba waƙa ba ce. Gida ne, in ji Miran, mai sanannun mazauna, kuma kowane da yadda ake gaishe shi. Kana iya shiga yau ka zaga ta nan, gobe ka zaga ta can, ba za ka taɓa maimaita tafiyar jiya ba, amma ba ka da ikon shigo da baƙo. Gidan da ake kira Mohanam mutum biyar ne a ciki, ya ƙirga masa su a yatsu: sa, ri, ga, pa, da. Akwai ɗakuna biyu da suke a kulle, ba a ko leƙa su.

Shi kuwa Mohanam, Allah ya sani, Issoufou bai taɓa jin abin da ya kwanta masa a rai kamarsa ba. Miran ya san gidaje barkatai, wasu masu duhu da in ya shiga sai ka ji kamar an yi maka rasuwa, wasu masu kwana-kwana da kunnen Issoufou ba ya iya bi. Amma da ya fara Mohanam sai ka ji an buɗe taga. Yakan fara daga ƙasa, can cikin ƙirji, ya daɗe a wurin kamar ba shi da niyyar zuwa ko'ina. Sannan ya taka na biyu, ba ya tsayawa a kansa ƙyam, sai ya riƙa rausaya shi, ya ɗan tura shi gaba ya dawo da shi, har ranka ya fara roƙon ya wuce. In ya isa na uku sai ya zauna. Nan ne tsakar gidan, in ji shi, nan ake shimfiɗa tabarma. Daga nan sai tsallake zuwa na huɗu, domin ɗakin da ke tsakani a kulle yake, kuma wannan gurbin da ake tsallakewa shi ne daɗin abin, ta nan iska ke shiga. Ba farin ciki ba ne zalla, ba kuma baƙin ciki ba. Ya fi kama da abin da mutum ke ji in ya hango garinsu da yamma, da sauran tafiya amma ya daina sauri. Sau da yawa Issoufou kan manta da dutsen guga a hannunsa, sai ƙaurin yadi ya dawo da shi.

To, wannan kullallen ɗakin, tsakanin na huɗu da na uku, shi ne inda Issoufou ke faɗawa in ana saukowa. Ba da gangan ba. Daidai nan ne Iya ke jawo ɗan dutsen niƙa baya, muryarta ta ɗan zame ta huta kafin ta ƙarasa, kuma abin da kunne ya sha tun ana goye da mutum ba ya fita don wani Ba'indiye ya doki tebur. Da Miran ya ji labarin sai ya samu abin tsokana. Duk ranar da aka yi kuskuren sai ya doki tebur, ya nuna ƙofa, ya ce Iya ta sake shigo masa gida ba sallama. “Iya mafi igama,” yakan ce, “sem-sem walad.” Iya ba ta da takardar zama, kamar ɗanta. Issoufou ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce aƙalla dai ta samu zuwa Makka, tunda da ranta ba ta samu ba.

Yau kusan mako biyu ke nan da Miran ya yanke jiki ya faɗi a bakin wannan teburin, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tun ranar shagon ya yi wa Issoufou faɗi. Shirun ne ya ishe shi ya fara rera Mohanam shi kaɗai, safe da rana, yana kiyaye wurin nan kamar mai tsallake kwata da fararen kaya, har ya wayi gari yana wucewa ba tuntuɓe. Sai dai duk sanda ya wuce, wuyansa kan juya dama da kansa.

Wajen Azahar Bandar ya shigo da makullin mota a hannu, fuskarsa ba walwala.

“Salamu alaikum, ya Ammi.” Haka yake ce masa da Larabci, wato Baffa.

“Wa alaikumus salam. Ya mai jiki?”

“Khalas, an gama magana. Gobe da safe za a tafi da shi ƙasarsu. 'Yan'uwansa sun ce a kawo musu shi haka nan, a kwance.”

Issoufou ya dire dutsen guga. “Ya farka ne?”

“Ido dai a buɗe, amma wallahi ba ya ganin kowa. Suhaila ta ce jiya an haɗa shi da matarsa a waya, tana ganinsa yana ganinta, tana kuka tana kiran sunansa. Ko ƙiftawa.”

Suhaila ƙanwar Bandar ce, ma'aikaciyar jinya a asibitin da aka kwantar da Miran. Ta bakinta Issoufou ke jin labari, domin shi bai taka can ba ko sau ɗaya. Hajji ya ƙarato, kuma duk wanda ba shi da takarda ya san a irin wannan lokacin daga ɗaki sai wurin aiki, ta lungu, kai a ƙasa. Kullum yana ce wa kansa bari mutumin ya ɗan farfaɗo, bari hanya ta yi sauƙi. Ga shi yanzu ba sauran bari. In Miran ya hau jirgin nan bai gane shi ba, bai san ya zo ba, shi ke nan, sai dai a Lahira.

Ya zare wayar dutsen guga daga bango. “Zan je in gan shi.”

“Ya Ammi, kai ma ka san wakacin da ake ciki. Kowace kwana askarawa ne, suna duba igama. In suka kama ka sai gidan tarhil na masu jiran kora, daga nan sai jirgi. Ka koma wajen wa a Nijar?”

Tambayar ta soke shi. Ya shiga naɗe wayar a hannunsa.

“Kuma ba zai gane ka ba,” Bandar ya ƙara, murya ƙasa-ƙasa. “Matarsa ma bai gane ba. Ka yi masa addu'a daga nan, ai duk ɗaya ne.”

“Ba ɗaya ba ne. Ka kai ni, ko in tafi da ƙafata.”

Bandar ya dube shi, ya dubi rufi, ya faɗi wata magana da Larabci wadda ba ta yi kama da addu'a ba. Sannan ya ce a bari a yi La'asar, lokacin ziyara ke nan, kuma dama yana da zannuwan gadon wani masauki da zai kai. Kafin su fita Issoufou ya ɗaga tawul ɗin Miran daga ƙusa. A ƙarƙashinsa akwai wani zare da aka jera wa 'yan ƙananan karare busassu, irin waɗanda ake sakawa a bakin algaitar. Na ubansa ne, Miran bai taɓa yarda wani ya taɓa su ba. Issoufou ya zura su a aljihun gaba.

A bayan motar kaya ya zauna, tsakanin ƙullin zannuwa masu ƙamshin sabulu, dattijo da furfurarsa ya takure kamar kayan wanki. Ba taga, sai zafi da jijjiga. Da motar ta rage gudu ta tsaya, ya ji muryar askar a waje, sai ya sha jinin jikinsa. Ya ji Bandar na zuba Larabcin 'yan gari, yana dariyar da ba ta kai ciki ba, yana ƙorafin masu masauki da ba sa haƙuri. Wani ya ɗan bubbuga jikin motar da hannu. Issoufou ya runtse ido, ya rasa abin kamawa, sai ya tsinci kansa yana hawa Mohanam a zuci, ɗaya, biyu, uku, ya zauna a tsakar gidan yana jira. Motar ta ja. Bai buɗe ido ba sai da Bandar ya buɗe ƙofar baya a harabar asibiti yana share gumi.

“Sauko, ya Ammi. Ka rage mini shekara biyar a rayuwata.”

Suhaila ta tarye su a bakin ɗakin marasa lafiya. Hausarta ba ta kai ta yayanta ba, tana yi tana cikewa da Larabci.

“Sannu, Baba. Ta'al, ga shi can, gado na ƙarshe. Amma kar ranka ya ɓaci, ba ya magana, ba ya komai.”

Gadaje huɗu ne a ɗakin. A na farko wani tsoho ne da 'ya'yansa maza sun kewaye shi, a na biyu an ajiye waya a kan matashi tana karatun Alƙur'ani a hankali. Issoufou ya yi musu sallama ya wuce. Da ya isa gadon ƙarshe sai ya tsaya turus. Miran da ba ya kwana biyu bai aske gemu ba, ga shi furfura ta rufe masa haɓa. Ya ƙanƙance, bakinsa ya karkace gefe guda, hannun dama na ajiye a kan zane kamar ba nasa ba. Idanun a buɗe suke, suna kallon rufi.

“Miran. Sadik. Ana Issoufou.” Wato aboki, ni ne Issoufou. Ya jawo kujera ya zauna ta hagunsa. “Kef hal?”

Shiru.

Ya ba shi labarin shago da Larabcinsu na 'yan aiki. Ya ce mai tamis na gaishe shi. Ya ce Bandar ya kawo wani sabon ma'aikaci ya gwada, ranar farko ya ƙona hiramin wani attajiri, aka sallame shi kafin Azahar. Da Miran na da lafiya da ya yi kwana uku yana zagin mutumin. Yanzu ko gezau. Issoufou ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a mai tsawo, ya tofa, ya shafa masa a goshi. Sannan ya ciro zaren kararen ya sa masa a tafin hannun hagu, ya naɗe masa yatsu a kai. Da ya saki, yatsun suka buɗe da kansu.

Suhaila ta dawo duba ruwan da ake ƙara masa. Ta ga yadda dattijon ya yi tagumi, sai ta tsaya.

“Daktor ya ce a riƙa yi masa abin da ya saba da shi, yimkin, wataƙila ya ji. Mun sa masa karatu, mun sa masa muryar 'ya'yansa. Kai da kuke tare kullum, Baba, me ya saba da shi?”

Issoufou ya dubi 'ya'yan tsohon can, ya dubi wayar da ke karatu, sai kunya ta rufe shi. A shago daban, tururi na rufa asiri. Amma a nan, a garin Makka, a ɗakin da mutane ke jiran hukuncin Allah, dattijo mai furfura ya buɗe baki yana rera kiɗan bikin Indiyawa? Ko mutanen Tandabawi bai taɓa gaya wa ba, don ya san abin da za su ce.

“Akwai wani abu,” ya ce da ƙyar. “Ja mana labulen nan, 'yata.”

Ta ja labule ta kewaye gadon, ta tsaya daga ciki ta harɗe hannu. Issoufou ya matso da kujera har gwiwarsa ta taɓa ƙarfen gado, ya sunkuya daidai kunnen Miran, ya yi gyaran murya.

Ya fara daga ƙasa, can cikin ƙirji, bai yi gaggawa ba. Ya taka na biyu ya rausaya shi yadda aka koya masa. Ya isa na uku ya zauna, ya daɗe, har shi kansa ya ji ɗakin ya ɗan yi faɗi. Ya tsallake zuwa na huɗu, ya hau na biyar, ya leƙa sama, sannan ya juyo. Ga wurin nan ya taho. Ya riƙe numfashinsa, ya tsallake kullallen ɗakin tsaf, ya sauka a tsakar gida, ya gangara har ƙasa ya ajiye. Tunda yake bai taɓa yin sa da kyau haka ba. Mutum biyar cif, ba baƙo. Wannan ce tsarabar da ya ɗauko, wadda ya shiga bayan mota saboda ita.

Ya ɗago ya dubi fuskar Miran. Idanun na nan a rufi.

Ya sake yi, ya bi ta wata hanyar, ya ƙara kyautata shi. Ba abin da ya motsa. A bayan labule an daina hira, wataƙila ana saurare, wataƙila ana mamaki, bai damu ba kuma. Wani irin kaɗaici ya sauko masa wanda ko ranar da aka binne Mairama bai ji irinsa ba, domin a ranar akwai wanda ya koma shago ya tarar. Mutum ɗaya ne a duk faɗin duniya da zai san cewa abin da ya yi yanzu daidai ne, ga shi kwance a gabansa, kuma bai ji ba.

“Baba,” Suhaila ta ce a hankali, “ziyara ta kusa ƙarewa.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce bari ya yi na sallama.

Wannan karon bai kiyaye komai ba, ya gaji. Yana hawa sai ya tuna ranar da aka bugo masa waya daga Damagaram cewa Iya ta rasu, yana tsaye a bakin teburin guga, ba halin zuwa, domin wanda ya fita ba ya dawowa. A ranar Miran ya kashe dutsen gugarsa ya fita ya sayo shayi, ya ajiye masa. Washegari da suka kama rerawa, Issoufou ya faɗa kullallen ɗakin kamar kullum, ya jira duka, bai ji ba. Miran ya ci gaba da guga kansa a ƙasa, ya bar ta ta zauna. Sau ɗaya ke nan tak a duk zamansu. Tunanin ya zo masa daidai lokacin da yake saukowa daga na huɗu, muryar ta karye, ta zame, ta faɗa inda ta saba faɗawa.

Ƙarfen gado ya yi ƙara.

Issoufou ya katse. Hannun hagun Miran ne, ya tashi ya sauka a kan ƙarfen, kararen sun zube a zane. Ba duka ba ne mai ƙarfi, ko ƙuda ba zai kashe ba. Amma goshin ya tattare, irin tattarewar nan da Issoufou ya sani sarai, kuma idanun sun bar rufi. Suna ta laluben hanya a hankali har suka sauka a kansa, suka tsaya, cike da ɓacin rai.

“Ya Allah!” Suhaila ta dafe ƙirji. “Ya motsa! Baba, me ka yi masa? Ciwo yake ji?”

“Ba ciwo ba ne.” Hawaye na bin gemun Issoufou, yana dariya. “Gyara yake mini.”

Karkataccen bakin ya yi ta kokawa, leɓe na rawa, yawu na zuba ta gefe. Issoufou ya kai kunnensa kusa. Abin da ya fito bai fi iska ba, amma ya ji shi.

“I…ya.”

“Na'am, sadik. Ita ce. Ta sake shigowa.” Ya goge masa baki da gefen hannun rigarsa. “Mafi igama.”

Ɓarin fuskar da ke da rai ya ɗan motsa. Yatsun hagu suka buɗe a kan zane, ɗaya bayan ɗaya, da wahala, har suka cika biyar.

Suhaila ta yaye labule ta fita da sauri neman likita. A bakin ƙofa ma'aikaci na tafa hannu yana cewa ziyara ta ƙare, 'ya'yan tsohon can suna ta tattara kwanukansu, Bandar kuma na leƙowa yana nuna agogo, domin akwai hanyar komawa da askarawanta. Gobe war haka gadon nan wani ne a kai, teburin dama kuma sai dai Bandar ya nemo wanda zai tsaya a wurin. Issoufou ya san duk wannan. Ya tattara kararen ya mayar cikin tafin Miran, wannan karon yatsun suka riƙe.

“Tani?” ya tambaye shi. A sake?

Idanun ba su bar fuskarsa ba.

Ya gyara zama, ya fara daga ƙasa. Ya rausaya na biyu, ya zauna a na uku, ya hau har sama ya juyo. Da ya iso wurin nan, wurin da ya kwashe mako biyu shi kaɗai yana koyon tsallakewa, kuma yanzu ya iya sarai, sai ya taka shi da gangan, ya daɗe a kai, yana kallon hannun hagun yana tasowa daga zane.